Dutse Mai Hula

Unguwarmu ba ta da suna a takardar gwamnati, kuma hakan bai taɓa hana mu barci ba. Wani kwari ne a bayan Laranto, inda duk wanda ramin kuza ya tsotse ya tofar yake zuwa ya kafa ɗakinsa: Bahaushe, Bayarabe, Birom, Ibo, kowa da irin tsiyar da ta koro shi. Ɗakunan laka ne, wasu da jinka, wasu an rufe su da garwar kananzir da aka farke aka miƙar. In baƙo ya tambayi inda muke, amsa ɗaya ce a duk faɗin Jos: ka nemi Dutse Mai Hula.

Wani ƙaton baƙin dutse ne a tsakiyar kwarin, da wani ƙarami zaune a kansa, ya ɗan karkace kamar hular ɗan birni. Ni Ibrahim tela, keken ɗinkina yana fuskantarsa, na yi shekaru ina kallonsa safe da yamma, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa ƙaunarsa ba. In ruwan sama ya gangaro daga tudu, dutsen ne ke tare masa hanya, sai ya kwanta a bayansa ya zama kududdufi, ya yi kore shar, ya haɗe da duk abin da ya malalo daga masai. Sauronmu ko bargo ba ya jin tsoro. Duk damina sai zazzaɓi da gudawa sun bi gida-gida, kuma ba kullum suke fita hannu wofi ba.

Mutum ɗaya ce ke son dutsen nan, ita ce Iya Kasali. Ɗakinta jingine yake da shi, shi ne ma bangonta na gabas. Sunanta na yanka Alimot, amma ba wanda ke kiranta da shi. Iya Kasali muke cewa, yara da manya, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin Kasalin.

Labarin ba ɓoyayye ba ne, don ita da kanta take ba da shi. Daga ƙasar Yarabawa mijinta Tiamiyu ya kawo ta tana amarya, suka zauna a wani barikin kuza can bayan Bukur, yana sayar wa leburori kayan tebur. A nan ta haifi Kasali, shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yanta, kuma bai san wani gida ba sai wannan barikin. Da yaƙin Boma ya zo, ya shiga soja yana tuƙin mota. Kafin a gama yaƙi Tiamiyu ya rasu, sannan aka gano akwai kuza a ƙarƙashin barikin kansa, aka tashi mutane aka haƙe wurin. Yau in ka je tafki za ka tarar. Iya ta ɗauko tukwanenta ta zo Jos. Abin da ta iya tabbatarwa kawai shi ne an sallami Kasali da ransa a Ikko. Daga nan wani ya ce ya gan shi a Fatakwal, wani ya ce a'a, ƙasar Gwanja ya nufa. Ita dai abin da ta riƙe shi ne yaron ya koma gida ya tarar da ruwa, bai san inda za shi nemo uwarsa ba.

Saboda haka ta zaɓi sana'ar da za ta haɗa ta da masu tafiya. Kullum da sassafe za ta ɗauki alala da agidi ta tafi inda manyan motoci ke tsayawa a Laranto. Duk direban da ya saya, sai ta ɗora masa guda ɗaya gyara, ta riƙe masa hannun riga. Ta shekara talatin tana Hausa, amma har gobe ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"In ka ga Kasali ɗan Tiamiyu," za ta ce, "dogo, mai wushirya, da tabon wuta a hannun hagu, ka ce mishi mamanshi yana Jos, bayan Laranto, gindin Dutse Mai Hula."

Direbobi sun haddace shi fiye da lambar motarsu. Wasu tun kafin ta buɗe baki suke rera mata shi cikin tsokana, ita kuwa sai ta yi dariya ta ce madalla, haka take so. Ni kaina nakan tsokane ta in ce, "Iya, ranar da Kasalin nan ya zo, ni zan ɗinka masa riga, amma tsawon nan da kike faɗi zai cinye mini yadi." Sai ta ce in tanadi yadin kawai. In ta juya, sai in ji tausayinta ya cika mini ciki, har in rasa inda zan soka allura.

A shekarar da ta biyo bayan zuwan Sarauniyar Ingila Jos ne Malama Firisila ta shigo mana. 'Yar Birom ce, ma'aikaciya a ofishin da ke kula da jin daɗin jama'a. Ranar farko da aka hango farin takalminta, mata suka ɗauka duba-gari ce, suka shiga kifar da randuna suna ɓoye tukwane. Kafin ta fita takalmin ya zama kalar kududdufinmu, washegari kuma ta dawo da shi a haka. Wannan ne ya sa muka fara sauraronta. Ta buɗe wa mata ajin karatu a rumfar Mai Unguwa, ta koya musu dafa sabulu da saƙa, ta nema wa wasu tsofaffin leburori aikin gini a cikin gari. Amma da damina ta kama, ajin ya watse, masu aikin suka kwanta. Sai ta tara mu ta ce ta gane bakin zaren.

"Wanda zazzaɓi ya kayar ba ya fita nema," in ji ta, "matar da ke jinya ba ta dafa sabulu. Duk abin da muka gina, ruwan nan yana rushewa. Ofis zai ba da siminti da diga da kwanon sarki. Ƙarfin kuwa naku ne. Mu yi gayya, mu haƙa lambatu tun daga tudu har bakin titi."

Kowa ya ce ya yarda. Sai Baba Badung, wanda ya tsufa yana fasa dutse a ramin kuza, ya nuna da sandarsa ya ce lambatun ba shi da hanya sai ta inda dutsen yake, don hagu da dama duk fā ne shimfiɗe a ƙarƙashin gidaje. Ba za a sa nakiya a tsakiyar mutane ba. Amma akwai hanyar dā: a lulluɓe dutse da itace, a hura masa wuta yini guda, in ya yi zafi har cikinsa a sheƙa masa ruwan sanyi, zai tsage da kansa, sai guduma ta ƙarasa. Abu ɗaya ne, sai an rushe ɗakin da ke jikinsa.

Duk muka juya muka dubi Iya. Malama Firisila ta matsa kusa da ita, ta rusuna.

"Mama, gayyar nan za ta fara gina miki sabon ɗaki kafin a taɓa wannan. Da rufin kwano, a kan tudu, inda ruwa ba ya zuwa."

"'Yata, na gode," in ji Iya. "Kai yarinya mai kirki ne. Amma dutse ba za a fasa ba."

"Mama, me ya sa?"

"In Kasali ya zo ya tambaya Dutse Mai Hula, wa zai nuna mishi? Ya je gida sau ɗaya ya ga ruwa. Ya zo nan kuma ya ga ruwa?"

Wani ya ce ai mu muna nan, za mu nuna masa. Iya ta dube shi ta tambaye shi yaushe ya zo unguwar, ya ce bara. Ta tambaye shi ina wanda ya tarar a ɗakin da yake ciki, ya ce bai sani ba. Duk mun san irin zamanmu: yau kana nan, gobe an buɗe sabon rami a wani gari ka ɗaure tabarmarka. Cikin waɗanda suka tarbe ta ranar da ta zo, ni da dutsen kaɗai muka rage.

Mai Unguwa ya ce gayya ba a yin ta a kan hawayen tsohuwa, Malama Firisila ma ta ce ba za ta kawo ɗan doka a kan maganar da ta kamata a yi da yardar rai ba. Ni dai na ji haushi, har na kwana biyu ina amsa gaisuwar Iya da hanci. Malama kuwa ba ta daina zuwa ba. Takan zauna ta taya ta ƙulla alala a ganye, ta saurari labarin Kasali tun daga haihuwarsa, ta tafi ba ta ambaci dutse ba.

Ana cikin haka sai ga wani baƙo da rana tsaka, da jakar soja a kafaɗa, ya tsaya gaban kekena ya ɗaga kai yana kallon dutsen, baki buɗe.

"Oga tela," ya ce, "wannan shi ne Dutse Mai Hula?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dubi hannunsa na hagu, babu tabo, kuma gajere ne. Amma Iya ta riga ta ji. Ta fito da gudu, ƙafa ba takalmi, ɗankwali a hannu, ta tsaya tana haki tana kallonsa. Ban taɓa ganin fuska ta haska ta kuma mutu cikin lokaci kaɗan haka ba.

Sunansa Alphonsus, makaniki ne, tsohon soja, ya zo Jos neman aiki. Ya ce a Kumasi ya ji saƙon, a bakin wani direba da shi ma a bakin wani ya ji a Ilori. Bai san Kasali ba, bai taɓa ganinsa ba. Saƙon ne kawai ya maƙale masa a kai, don shi tasa uwar ta rasu yana Boma. Ya ce ya zo ne ya gani ko da gaske akwai dutsen, ko da gaske akwai matar. Iya ta zaunar da shi, ta cika masa kwano, tana yi masa fifita kamar ɗanta. Sai tambaya ɗaya take maimaitawa: "Har Kumasi? Maganata ya kai Kumasi?" Da ya tafi, ta zo ta dafa kan kekena, idonta cike da ƙwalla, tana murmushi.

"Tela, ka ji? Yana tafiya. Saura kaɗan ya same shi."

Daga ranar na cire rai da lambatu, kuma na kasa ci gaba da fushi. Wa zai ce wa wannan matar ta goge saƙon da ya kai Kumasi?

Damina ta yi ƙarfi a watan Agusta. Kududdufin ya cika ya shigo ɗakunan da ke ƙasa, cikinsu har da na Naomi mai sayar da itace, wadda katangarta ke haɗe da ta Iya. Naomi tana da ɗa guda, Pwajok, bai daɗe da fara tafiya ba. A bayan Iya ya yi rabin rayuwarsa, don in uwar ta tafi daji neman itace, ita ke goya shi. Gudawa ta kama shi ranar wata Laraba. Malama Firisila ta ɗauke su zuwa asibiti da kanta, amma kafin Lahadi an binne shi.

Naomi ba ta zargi kowa ba. Da aka gama zaman makoki ta ɗauki igiyarta da gatarinta ta koma daji, tunda ciki ba ya jira. Wata safiya ina buɗe shago ta zo wucewa, Iya tana wanke ganyen alala a ƙofar ɗaki. Bakin Iya ya riga hankalinta.

"Maman Pwajok, ina kwana?"

Naomi ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Iya, daga yau ki kira ni Naomi. Ke naki yana wani gari yana cin tuwo. Ni nawa na san inda yake."

Ta wuce. Iya ta bi ta da kallo, hannunta cikin ruwa, ganyen yana zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar ba ta je tasha ba, kuma tun da na san ta ban taɓa ganin haka ba. Ta yini zaune ta jingina bayanta da dutsen. Da la'asar Malama Firisila ta zo, Iya ta kama hannunta ta ce, "'Yata, in ruwa ya ɗauke, ka gaya wa Badung ya kawo wutanshi." Malama ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta fashe da kuka, tsohuwar ce ma ta koma lallashinta.

Da kaka muka yi gayyar. An fara gina wa Iya ɗaki a kan tudu kamar yadda aka yi alkawari. Sannan Baba Badung ya sa ƙarti suka zura ƙarafuna a ƙarƙashin hular, suka tunkuɗo ta, ta faɗo ƙasa da wata irin ƙara da ta kori kajin unguwa. Iya ta roƙi abu ɗaya, kada a fasa hular, a gangara da ita bakin titi inda lambatun zai ƙare. Aka yi mata haka.

Itace a Jos ba abin wasa ba ne, tudun nan ba shi da bishiya, amma kowane gida ya kawo daminsa. Naomi ma ta kawo nata ta ajiye. Iya kuwa da hannunta ta zare azarar tsohon ɗakinta da jinkarsa, ta jera a jikin dutsen, a daidai inda gadonta yake dā. Da Badung ya ɗauko garwashi, ta miƙa masa hannu ta ce ya ba ta. Ita ta sa wutar.

Wuta ta ci tun hantsi. Mahauta suka kawo kalangu, mata suka yi layi tun daga rafi da garwa a kai, Malama Firisila a cikinsu ta ɗaure zane a kan siket. Da rana ta karkata, Badung ya tofa yawu a jikin dutsen, ya saurara, ya ce a janye wuta. Aka sheƙa ruwa a lokaci guda. Tururi ya rufe mu har ba ma ganin juna, sai muka ji ƙara kamar ta bindiga, aka sake, aka sake. Da tururin ya yaye, dutsen ya dare gida uku. Jama'a suka ɗauki sowa, mata na guɗa. Na nemi Iya da ido, na same ta can gefe tana zuba wa masu guduma abinci, ta juya wa dutsen baya.

Aikin ya ɗauke mu har rani. Da gutsattsarin dutsen aka jere lambatun, gefe da gefe, tun daga tudu har titi, aka liƙe da siminti. Da ruwan farko ya sauka, muka tsaya a ƙofofinmu muna kallonsa yana wucewa bai ko gaishe mu ba. Ajin mata ya dawo, sabulunsu har kasuwa. A daminar nan ba mu binne yaro ko ɗaya ba, kuma ban taɓa zaton zan rayu in faɗi haka ba. Ni dai idona ya daɗe bai saba ba, nakan ɗago kai daga ɗinki in ga sararin sama a inda baƙin nan yake, sai in ji wani iri.

Amma abin da ban manta ba ya faru ne tun washegarin ranar wutar, tun ba a jere lambatun ba. Na je tasha karɓar yadin da aka aiko mini daga Kano, na tarar da Iya a wurinta da tirenta. Wani direba ya karɓi alalarsa da gyaransa, ya fara rera mata kamar kullum: "Kasali ɗan Tiamiyu, dogo, mai wushirya, gindin Dutse..."

"A'a," ta ce, ta riƙe masa riga. "An canza. Ka ce mishi dutse babu. Ka ce ya zo bayan Laranto, zai ga hula a ƙasa bakin titi. Ya bi lambatu ya hau sama, ya yi ta hawa, ɗaki mai kwano na ƙarshe. Mamanshi yana ciki."

"Iya, wannan ai ya yi tsawo," in ji direban yana dariya. "Wancan ya fi daɗin riƙewa."

Ta sa shi ya maimaita har ya faɗa daidai, sannan ta sake shi. Motar ta tashi, ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Sai ta juyo ta gan ni.

"Tela, wancan na farko, shekara nawa ya yi kafin ya kai Kumasi?"

Na ce ban sani ba, Iya. Na sani sarai, ita ma ta sani, ya kusa goma. Tsohon saƙon yana can gaba yana tafiya daga baki zuwa baki, yana aika ɗanta wurin dutsen da babu shi, sabon kuma yanzu ya bar tasha.

Ta gyara ganyen da ke kan tiren. Can ta ce, "To, zan riƙa sa musu gyara biyu, su yi sauri."

Wata motar ta shigo daga hanyar Bauchi. Ta ɗora tiren a kai ta nufi wurin direban.